Na Raka Auta Funtua da Malumfashi Neman Waƙar Niƙa

'Yar'uwa, a ce 'yarki ta gama digiri, ta dawo daga hidimar ƙasa, ta durƙusa gabanki ta ce za ta koma jami'a ta yi nazarin waƙoƙin da tsofaffi ke yi in suna niƙa da daka. Me za ki ce mata? Kada ki yi saurin amsawa. Ni dai na san abin da tamu uwar ta ce wa autarmu: "Duk wahalar nan da aka sha, ashe karatun maroƙa za ki ƙare da shi?" Tun daga ranar, in maƙwabta suka tambayi Mama abin da Auta ke karantawa, sai ta ce harkar koyarwa ce, ta yi maza ta sako wata magana.

Ba zan ɓoye miki ba, a lokacin ina bayan Mama. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma karatun da na sani shi ne wanda in an gama za a sa farin kaya, wata ya ƙare a ji shigowar albashi. To sai ga shi binciken Auta na digiri na biyu ya kai inda dole ta shiga ƙauye, wajen wata goggonmu, yayar babanmu, da ke zaune a wani ɗan ƙauye gaba da Malumfashi. Mama ta rantse ba za ta bi hanyar nan ita kaɗai ba, kuma kowa ya san dalili. Ina da hutun kwana uku, sai aka ɗora mini rakiyar. Lokacin kaka ne, sanyi ya fara saukowa. Na shiga motar ina cika ina batsewa.

Daga Zariya muka tashi. Muna isa Giwa, Auta ta taɓa ni ta ce, "Yaya, kin san a garin nan aka yi aikin da nake son yi, tun ba a haifi Mama ba?" A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith, wadda ta biyo mijinta mai binciken al'adu, ta zauna da wata tsohuwa a Giwa, tsohuwar na ba da labarin rayuwarta, ita kuma tana rubutawa da hannu. Littafin ya fito a 1954, ana kiransa Baba of Karo, kuma har gobe ana karanta shi a jami'o'in duniya. A ciki akwai waƙoƙin mata na biki da na wasa. Amma Auta ta ce abin da ke mata ciwo shi ne kalmomin kawai aka tsira da su. Muryar Baba, da yadda take jan waƙar, da inda take numfasawa, duk sun bi ta kabari. Na ce, "To ai an samu wani abu." Ta ce, "An samu rigar, Yaya, ba a samu mai rigar ba."

Na kawar da kai ina kallon gonaki. Amma maganar ta zauna mini.

In kin san Funtua, kin san gari ne da ba ya magana a hankali. Mahaɗa ce: mai zuwa Gusau da Sakkwato nan zai bi, mai zuwa Katsina nan zai karkata, mai gangarawa Birnin Gwari nan zai ratsa. Auta ta ce in rufe ido minti ɗaya a bakin tasha in faɗa mata abin da nake ji. Na ga abin kamar wasan yara, amma na yi. Na ji 'yan kamasho suna kiran garuruwa, kowa da irin yadda yake jan sunan garinsa. Na ji tirela tana huci da lodin masara, na ji buhu yana faɗuwa kan buhu, na ji mai rake yana kankara, na ji lasifikar mai maganin gargajiya tana lissafa cututtukan da mu a asibiti muke kwana a kansu. Can ƙasa-ƙasa kuma, daga shagon wani mai cajin waya, kalangu na tashi. Ko ba a faɗa miki ba kin san wane ne.

Akwai kuma abin da ban ji ba, sai da ta nuna mini. Titin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya zuwa Kauran Namoda ya ratsa Funtua tun ƙarshen shekarun 1920, kuma shi da auduga ne suka mayar da garin abin da ya zama. Turawan kamfanin auduga sun kafa injin gurza a nan, manoman yankin suka riƙa kawo farin zinarensu. Tsofaffin garin da kukan jirgi suke sanin lokaci. Yau yaro zai tashi a unguwar da ke jikin tashar ya girma bai san wannan kukan ba. Auta ta ce irin wannan ma karatu ne mai zaman kansa: a saurari gari, a san sautin da ya shigo da wanda ya fita, da abin da hakan ke faɗa game da cin abincin mutane da zamansu. Wani mutumin Kanada, Murray Schafer, shi da ɗalibansa sun yi ta yawo da na'urar ɗaukar sauti a birnin Bankuba a farkon shekarun 1970, suna naɗar ƙarar jiragen ruwa da ƙararrawa da hayaniyar titi, daga baya suka je wasu ƙauyuka biyar a Turai suka yi haka. Daga irin wannan aiki fannin ya yi rassa. Wato dai abin da na ɗauka shirme ne a bakin tasha, wasu har kujerar farfesa suka hau da shi.

Amma ba sai mun je Kanada ba. Mu tsaya kan mai kalangun nan da ke tashi daga shagon caji.

Alhaji Mamman Shata a Musawa aka haife shi, ya zauna Bakori, sannan ya yi shekaru masu yawa a Funtua har garin ya zama gidansa. Ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Kowa ya san ana ce masa Dakta, domin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, shekara 13 kafin nan wani ya riga ya zama dakta a kan Shata. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka, kuma kundin nasa kacokan a kan Shata ne da matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma. Wannan bawan Allah daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano. Ki duba fa: "karatun maroƙa" ne ya fara da shi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuwa kusan rayuwarsa duka ya ba waƙar baka, kuma duk ɗalibin Hausa ya san littafinsa na Jagoran Nazarin Waƙar Baka. A 2006 ɗan jarida Ibrahim Sheme, wanda shi ma ɗan wannan yanki ne, da abokan aikinsa suka fitar da katafaren tarihin Shata. Tun kafin su duka, a shekarun 1960, wani Bature Anthony King ya zauna a fadar Katsina yana nazarin ganguna da kakaki, wani kuma David Ames ya zauna a Zariya, suka haɗu suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Ina jin wannan jerin sunaye sai na lura da wani abu, na kuma faɗa mata: duk maza ne, kuma akasarin waɗanda suka yi nazari a kansu maza ne. Auta ta yi dariya ta ce ai shi ya kawo mu.

Domin Funtua ba Shata kaɗai ta bayar ba. Ta ba da Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013. Ke da kika taɓa zama a gidan biki ko suna aka kife ƙorai aka fara amada, ba sai na gaya miki wace ce Barmani ba. Ta yi wa mata waƙa a kan kishi, a kan haihuwa, a kan zaman aure, ta kuma zaburar da su a kan kama sana'a tun ba a fara taron ƙarfafa mata a otal ba. Wasu waƙoƙin nata ba na gaban suruki ba ne, wannan gaskiya ne. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu a kanta, wata Ba'amurkiya kuma, Beverly Mack, ta fitar da littafi a 2004 a kan mata mawaƙa na ƙasar Hausa. Amma Barmani ta tsira ne saboda ta fito fili, an ɗauke ta a kaset. A bayanta akwai dubban mata da ba su taɓa yin waƙa a gaban taro ba, waƙarsu a tsakar gida take, tsakanin turmi da murhu. Namiji mai bincike, ko farfesa ne, iyakarsa zaure. In ya matsa a aiko masa da yaro ya ce matan gidan sun ce ba su iya ba. Wanda zai iya shiga har ƙuryar ɗaki ya zauna kan tabarma, ya ci tuwo, ya jira har bakin tsohuwa ya buɗe, 'yarki ce ko tawa.

Muka kwana Funtua gidan wata 'yar'uwa, da safe muka kama hanyar Malumfashi ta Bakori. Hanya ce mai daɗin kallo da kaka. Dawa ta sunkuyar da kai, an tara masara tsibi-tsibi a bakin gonaki, can kuma ki hango farin auduga da mata da yara suna tsinta. Ƙasar nan Allah ya yi mata albarka. Ba banza ba aka zaɓi Funtua cikin wurare na farko da aka fara babban shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. Taki ya yawaita, masara ta samu gindin zama, daga baya maganin feshi ya zo.

Direbanmu dattijo ne mai son hira. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya rage rediyo ya ce, "Hajiya, ai kun makara." Ya ce yana yaro in za a yi gayya, tun asuba gangar noma ke tashe su. Samari su jera a kunya, makaɗi na binsu a baya yana kiran kowa da taken gidansu, wanda aka kira sai ya ji kamar an zuba masa wuta a jiki. Ya ce shi kansa ya taɓa nome abin da ya fi ƙarfinsa saboda an kira sunan kakansa a gaban 'yan mata, ya kwana uku yana jinya. Yanzu fa? Mutum ɗaya da goyon tankin feshi ya gama abin da samari ashirin ke yi. Ba wanda zai ce a koma wahalar da, ni ma ba zan ce ba. Amma makaɗin noman da ba a kira shi gona ba, ɗansa acaɓa zai kama, kuma taken gidaje ɗari da ke kansa ba a rubuce suke ko'ina ba.

Abin da ya maye gurbin gangar mun ji shi tun daga nesa: injin casar masara. A nan ne ma'aikaciyar jinyar da ke cikina ta farka. Mun tsaya sayen rake kusa da wani injin, na ga yara samari uku suna ɗura masara, ƙura ta rufe su, ba abin toshe kunne ba ƙyallen hanci. Na yi wa ɗaya magana sau uku bai ji ba sai da na taɓa shi. A ƙa'idar lafiyar ma'aikata, ƙarar da ta kai ma'auni 85 in mutum yana wuni cikinta awa takwas kullum, tana cinye ji a hankali. Hanya mai sauƙi ta ganewa: in sai kin ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da ke ya ji ki, to wurin ya yi ƙara da yawa. Kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, ba allura ba ƙwaya. In ɗanki na aiki a injin niƙa ko na casa ko wajen walda, ki saya masa abin toshe kunne. Ki lura kuma in ya fara cewa kunnensa na ƙugi da dare, ko yana ƙure ƙarar rediyo. Auta ta rubuta duk abin da na faɗa a littafinta. Ta ce wannan ma cikin fanninsu yake. Na ce to ashe mun kusa zama abokan aiki.

Gaskiya ma, da na zauna na yi tunani, rabin aikina saurare ne. Ina sa abin awo a ƙirjin yaro in bambance numfashin asma da na ciwon haƙarƙari. Ina jin kukan jariri daga ƙarshen ɗaki in san na yunwa ne ko na ciwo. Ba wanda ya taɓa ce mini wannan karatun banza ne.

Malumfashi garin Galadiman Katsina ne, gari mai nauyi, ba shi da gaggawar Funtua. Masu bincike sun daɗe da saninsa. A shekarun 1970 an yi wani babban aikin binciken cututtuka a yankin, kuma Murray Last, Baturen da ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi yana nazarin yadda mutane ke fahimtar ciwo da magani. Mun iso ana kiran azahar, masallaci na karɓa daga masallaci. Ba mu daɗe ba muka hau babur zuwa ƙauyen Goggo, domin an gargaɗe mu kada la'asar ta same mu a hanya.

A nan zan gaya miki abin da ya fi tsaya mini a rai a tafiyar duka, kuma ba sauti ba ne, rashinsa ne. Ina yarinya mun sha zuwa ƙauyen nan hutu. In farin wata ya fito, dandali cika yake da 'yan mata suna gaɗa, tafi na tashi har tsakar dare, samari na gefe da tocila. Wannan karon ana sallame isha'i gari ya mutu. Ba tafi, ba shewa, ko rediyo ƙasa-ƙasa ake kunnawa. Kowa kunnensa na waje. In aka ji babur ɗaya, a ci gaba da hira. In aka ji sun fi biyu, sai kowa ya yi tsit. Yara ƙanana ma sun iya wannan lissafin. Tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 duniya ta san halin da yankin ke ciki, kuma a 2021 an yi watanni an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama har da Funtua da Malumfashi. Amma jarida ba ta ba da labarin dandalin da ya yi shiru. Yarinyar da ba ta taɓa fita gaɗa ba, ina za ta koyi waƙar gaɗa? Wa za ta koya wa? Na kwanta ina jin numfashin Auta da kukan gyare, ban yi barcin kirki ba.

Da safe aka shiga aikin da ya kawo mu, kuma da farko ya ƙi. Goggo ta haura tamanin, idonta ya yi rauni amma bakinta garau. Auta ta gaishe ta, ta yi bayani, ta ajiye waya da ɗan makirfo a kan tabarma. Goggo ta dube su ta ce, "Ɗiyar nan, ni zabiya ce? Ni na tuba da waƙa tun da na je Makka." Aka yi dariya, aka bar maganar. Auta ba ta matsa ba. Ta kashe wayar, ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida, ta zauna tana taya matan gidan ɓarar gyaɗa. Ni har na fara ƙufula, ina lissafin hutuna da ke ƙarewa. Ta raɗa mini cewa abu na farko da malaminta ya koya musu ke nan: wanda ya zo da gaggawa, da gaisuwa kawai zai koma.

Can da hantsi Goggo da kanta ta ce ko ta so ma ba za ta tuna ba, an fi shekara talatin rabonta da niƙa. Ta gwada ɗaya, ta yi layi biyu ta tsaya, ta ce ya ɓace. Sai Auta ta tambaya ina dutsen niƙan gidan. Aka yi ta nema. Ashe yana bayan ɗaki, an kife shi ana taka shi wajen alwala. Ɗansa kuma aka same shi an tokare ƙofar akurkin kaji da shi. Aka wanke, aka kawo dawa, Goggo ta ce a ɗaga ta. Na so in hana saboda gwiwoyinta, ta ture hannuna.

'Yar'uwa, da idona na ga wannan. Ta durƙusa, ta zuba tsaba, ta tura dutsen sau uku, sau huɗu. A na biyar waƙar ta fito da kanta. Turawa ɗaya, layi ɗaya, jawowa, numfashi. Muryar da ɗazu take rawa ta miƙe. Ta yi wadda take kiran iyayenta da garinsu da ta baro tana 'yar shekara goma sha huɗu. Ta yi ta yabon ɗan farinta ba tare da ta ambaci sunansa ba, saboda alkunya. Ta yi wata ta habaici da ta sa matan gidan suka kwashe da dariya suna rufe baki, domin kowa ya gane da wa take, ko da yake wadda ake yi wa ta daɗe a ƙasa. Ta yi wata kuma da ba wanda ya yi dariya, a kan 'ya'yan da ƙyanda ta ɗauke mata biyu a wata guda. Ni da nake yi wa yara allurar ƙyanda kowane mako, ban taɓa sanin Goggo ta binne biyu saboda ita ba. Ba ta taɓa faɗa wa kowa cikinmu da baki ba. A waƙar niƙa ta ajiye shi.

Da ta gaji muka zaunar da ita, na shafa mata magani a gwiwa. Auta ta mayar mata da abin da aka ɗauka ta saurara. Ta yi shiru, sannan ta kafa sharaɗi: ta habaicin nan kada a sa ta inda jikokin marigayiyar za su ji, sauran kuwa a kai duk inda za a kai. Auta ta sa ta maimaita sharaɗin a cikin na'urar, ta faɗi ranar da wurin, ta rubuta a littafi. Ta ce a fanninsu muryar mutum amana ce, ba a watsa ta sai da izininsa.

A hanyar dawowa na titsiye ta da tambayoyin da na san Mama za ta yi, kuma na san ke ma za ki yi. Wannan karatun ina yake kai mutum? Ga yadda ta zayyana mini. Ana shiga ne ta sashen Hausa ko harsunan Nijeriya, wasu ta sashen wasan kwaikwayo ko aikin jarida ko nazarin al'umma. Akwai irin waɗannan sassa a Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina. Shekara huɗu digirin farko, sai hidimar ƙasa, sai digiri na biyu, sai na uku. In an dace an samu gurbin koyarwa, ana farawa daga ƙasa, a bi matakai har babban lakcara, har farfesa, kuma kowane mataki sai an nuna maƙalun da aka wallafa. Wanda bai zauna jami'a ba yana iya koyarwa a kwalejin ilimi, ko ya yi aikin rediyo, ko fassara, ko adana kayan tarihi.

Ba ta yi mini daɗin baki ba. Gurbin aiki kaɗan ne, masu nema da yawa. Albashin malamin jami'a ba ya sa a yi kishi da shi. Yajin aiki na iya cinye shekara: a 2022 wata takwas jami'o'in gwamnati suna rufe. Kuɗin mota da na'ura da ɗan abin da za a riƙa wa tsohuwa, duk daga aljihun ɗalibi suke fita. Aikin kansa ma ba shaƙatawa ba ne. Waƙar minti goma tana iya cin wuni guda wajen rubutawa, a saurara a mayar a sake saurara, a nemi ma'anar kalmar da ba ta cikin kowane ƙamus. Sannan ga maganar aure, domin akwai gidan da in aka ce yarinya "waƙa take karanta" sai a fasa tambaya.

Maganar addini kuwa, wadda na san tana ranki, malamai sun yi bayani a kan kiɗa kuma sun saɓa, ni ba fagena ba ne, kowa ya bi malaminsa. Abin da na gani kawai zan faɗa. Auta ba ta kaɗa komai ba, ba ta yi rawa ba, da hijabinta ta shiga da shi ta fito. Ta zauna gaban tsohuwa ta saurare ta, abin da mu 'ya'yan ɗan'uwanta ba mu taɓa yi ba sai in mun zo gaisuwar mutuwa. Kuma waƙoƙin da ke cikin kundinta har da na reno, irin waɗanda ake yi wa jariri a baya. A ɗakin yara na asibiti yanzu, in jariri ya yi kuka, uwa waya take miƙa masa. Alhali yaro tun yana ciki, a watannin ƙarshe, yake jin muryar uwarsa, kuma yana fitowa yake gane ta cikin muryoyi. Na sha tambayar matasan iyaye ko sun iya waƙar reno ko ɗaya. Da yawa sai su yi murmushi su ce kakarsu dai ta iya.

In kina da tsohuwa a gida, ba sai kin jira mai digiri ba. Wayar da kike karanta wannan da ita ta isa. Ki nemi izininta, ki fara da faɗin sunanta da garin da ranar, ki ajiye wayar kusa da ita nesa da injin ko fanka, kada ki katse ta. In ta ce ta manta, ki ba ta turmi ko faifai ko jariri ta goya. Ki kuma adana a wuri biyu, domin waya na faɗawa rijiya.

Mun iso gida bayan magariba. Mama ta amsa gaisuwarmu, ta tambayi lafiyar Goggo da hanya, ba ta tambayi aikin ba. Da dare Auta na ɗaki tana rubutawa, ta sa abin a hankali tana mayarwa, ta maƙale a wata kalma cikin waƙar garin iyaye. Ta maimaita wurin ya fi sau goma. Sai muka ji muryar Mama daga tsakar gida, inda muka ɗauka lazimi take yi: "Ba haka ba ne. Sunan rafi ne, can yamma da garinsu, ya ƙafe tun kafin a haife ku." Auta ta rubuta. Har yau Mama ba ta ce ta yarda da maganar digiri na uku ba, kuma maƙwabta har yanzu harkar koyarwa suka sani. Amma da asuba ta miƙo mini wayarta ta ce in sa mata ta Goggo, wadda take kiran iyayenta, in kuma nuna mata inda ake dannawa in ana so ta sake daga farko.